Sallamar Kwamfutar Malam Isyaku

Duk yarinyar da ta zo koyon aiki a shagon nan, tambayarta ta farko ita ce yaushe za ta fara buga takarda. In na ce mata sai ta iya kashe kwamfuta tukuna, sai ta dubi ƙawarta, su ƙunshe dariya cikin hijabi. Na san abin da kuke faɗa a hanyar gida: wai Anti Sa'a na mai da allura garma, abin da ɗan yatsa ɗaya ke gamawa. To ku jawo bencin nan kusa. Ni wata uku cur na yi ina koyon kashe kwamfuta kafin a bar ni in buga harafi ɗaya, kuma ba don kaina yana da nauyi ba ne.

Shekarar da na gama kwaleji a Bici na dawo Tsamiya Biyu da takardar shaidata a cikin leda, na zauna jiran aikin koyarwa. Da jiran ya yi tsawo, babana ya kai ni wurin Malam Isyaku, wanda har Tsanyawa aka sani da Malam Taifis. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana buga tafireta a wani ofis, da ya yi ritaya sai ya dawo gida da tsohuwar kwamfuta ta tebur, ya buɗe shago a zaurensa. Da can fara ce, amma lokacin da na same ta launinta ya koma na haƙorin mai cin goro. Sikirin ɗinta na da ƙatuwar ƙeya. In an kunna ta, fankar cikinta takan yi numfashi a hankali kamar tsohuwa mai gyangyaɗi, ni kuwa nakan tsaya ina saurare har sai Malam ya ce, "Sa'a, dawo duniya."

Turakun wuta sun zo garinmu tun ina ƙarama, wutar ce dai ba ta biyo su ba. Tamu daga injin niƙan Sale take zuwa. Sale taubashin Malam ne, rumfar injinsa na jikin bangonmu. Ya ɗaura wa injin kan janareta da bel, ya jawo mana waya ta taga. In ana niƙa muna da wuta, in an daina babu. Ba agogo ke buɗe shagonmu ba, matan gari ne: ranar da suka yi sammakon kawo dawa, mu ma mun yi sammakon buga wasiƙa. In kwanon ƙarshe ya shiga bakin inji, sai Sale ya buga wani tsohon wilin mota da ya rataya a darbejiya, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Mu fara sallama ke nan.

Aikin farko da na gani an yi a shagon wasiƙar neman taki ce ta manoman albasa. Layi bakwai, Malam ya buga ta kafin in gama gyara zama. Kashe kwamfutar kuwa ya ci sulusin awa, domin mataki goma sha tara ne, Malam ya rubuta su da manyan baƙaƙe a kwali ya manna a bango. Da fari a sallami mai wasiƙa, a raka shi bakin hanya, a tsaya sai ya sha kwana, saboda mutumin garinmu bai tafi ba sai ya dawo sau biyu ya ce, "Af, a ƙara gaisuwa ga wane." Sannan a adana aikin sau uku, kamar wankin gaɓa a alwala. A karanta layin ƙarshe da murya. A rufe shafukan da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya, wanda aka fara buɗewa shi ke fara fita, tunda shi ne babba.

Mataki na tara shi ne zuciyar abin. In an nemi kwamfutar ta kashe kanta, takan fito da ɗan akwati ta tambaya ko da gaske ake. Ranar da Malam ya fara ba ni maus, na kai hannu zan ce mata eh, sai ya buga rula a tebur.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

"Gidan Malam Haruna mana, Malam."

"A gidan Malam Haruna, in baƙo ya ce zai tafi, me ake ce masa?"

"A ce, haba, tun yanzu?"

"To? Ita da ta wuni tana miki aiki ba ci ba sha, ta tambaye ki sau ɗaya, ki ce eh, kama hanya? Danna a'a."

Na danna a'a. Muka zauna shiru mu uku har da ita, gwargwadon shan moɗar ruwa. Sannan na sake nema, ta sake tambaya, na ce eh. Malam ya gyaɗa kai. "Kin ga yanzu ta tafi da mutuncinta."

Daga nan a kara kunne a jikinta sai fanka ta yi shiru. A kashe sikirin. Na goma sha biyu, a kashe sifika. Sifikar nan ta mutu tun kafin zuwana, Hajiya Tabawa matar Malam ta ɗauke ta tana danne murfin tukunyar daddawa da ita. Amma matakin na nan: a dangwala babban yatsa a kan tebur daidai inda take da. Wurin har ya yi sheƙi. Da na tambayi Malam dalili, sai ya ce, "In liman ya rasu, daina salla ake yi?" Saura su ne kifa kibod a kakkaɓe garin da ya shiga tsakanin baƙaƙe, a zare waya a rataye a ƙusa saboda ɓeraye, a duba ruwan gwangwanaye huɗu da ƙafafun tebur ke ciki saboda tururuwa, a lulluɓe ta da mayafin da Hajiya ta yi wa aikin zare, furen na kallon ƙofa. Na ƙarshe, a leƙa ta taga a ce wa Sale, "Mun sauka." Sai a lokacin yake da izinin kashe inji.

Sale ya ce injinsa ba ya gudu da wofin ciki, farantansa za su ci juna. Don haka Malam ya ajiye buhun dawa na musamman. Da an buga wili, Hajiya za ta miƙo kwano biyu ta kan katanga, Sale ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har mu sauka. Kullum gidan Malam na samun garin da bai nema ba, Hajiya ta riƙa rabawa maƙwabta. Garin sallama ake ce masa. Akwai yaran layinmu da suka yi ƙiba da tuwon kashe kwamfuta.

"Taifis!" Sale kan yi ihu ta cikin ƙarar inji. "Amaryar taka ta gama kwalliya, ko in ƙara kwano?"

"Niƙa abinka, jahili. Kai ko jakinka ba ka iya yi wa sallama ba."

Masu kawo aiki ma sun saba. Akwai wata tsohuwa da nake buga wa wasiƙa zuwa ga ɗanta a Legas, ba ta tashi sai ta ga an lulluɓe kwamfutar. Ta ce ita ba ta yarda ta bar maganar gidanta a cikin abin da idonsa ke buɗe ba.

A shekarata ta uku ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke ɗaukar ciki. Rumbuna suka kwana da rabi, wasu ko rabin babu. Matan da ke kawo kwano uku suka koma kawo ɗaya, injin da ke kai wa azahar ya koma yin shiru tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Buhun sallama ya kusa ƙarewa, Hajiya ta ce abin da ya rage a rumbu na masu baki ne.

Kun san ƙasarmu. Gona na jingine da gona, babu inda aka bar wa ciyawa. Iyaka jerin gamba ce, ko layin lalle, ko aduwa guda. In ciki ya ƙoshi ba mai duba ta. A ranin nan kuwa sau biyu aka raba 'yan uwa da sanduna a kan kunyar shuka ɗaya. Mutum guda ne ya san iyakar kowace gona a ka, Baba Ilu, wanda ya haura casa'in, kuma a ranin ya kwanta ciwo. Maigari ya ce a rubuta abin da ke kansa tun da sauran numfashi, in ba haka ba damina mai zuwa da jini za a yi shuka. Wani ya ce a rubuta da biro. Maigari ya ce a'a, rubutun hannu yana da dangi, na inji ne ba shi da kowa.

Kowace safiya a kan ɗauko Baba Ilu a amalanke, a shimfiɗa masa tabarma kusa da teburina. Yakan rufe ido ya fara tafiya a cikin kansa, kullum daga rijiyar tsakiyar gari. "Mun bar rijiya. Mun wuce maƙera. Ga kukar da tsawa ta tsage. Daga gindinta, taku arba'in yamma, gamba ta Audu ce, abin da ke bayanta na magadan Tanko." Ni ina bugawa, ina jin kamar ƙafata na taka ƙasar. Abu ɗaya ne: ba a katse shi. Ba don girmansa kaɗai ba. In aka tsayar da shi a tsakiyar iyaka, sai ya ɓace a can cikin gonakin, dole ya koma rijiya ya faro daga fari.

Rana ta tara muka gama gonakin yamma. Sale ya buga wili, babu dawar da za a miƙa masa. Malam ya karɓi maus, domin ni ke bugawa amma sallama tasa ce. Ya bi kwali daki-daki, ya kai na tara, ya danna a'a. Muna zaune shirun nan na girmamawa inji ya mutu. Hasken sikirin ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya kamar tauraruwa, ya ɓace. Washegari aka kunna ta, ta ƙi farkawa.

A cinyata na kai ta Kano, lulluɓe da mayafin Hajiya. Kwandastan bas ya tambaya ko marar lafiya ce, na ce eh, ya sa aka ba ni gefen taga. Mai gyaran da na samu ya kwance murfinta, garin da ya zubo ya isa kunun mutum biyu. Ya farfaɗo da ita, amma aikin kwana uku ya tafi. Ya ce faifan da ke riƙe aiki a cikinta ya gaji, in wuta ta sake yanke mata haka, ba gonakin yamma kaɗai ba, iyakokin garin duka za su tafi. Na ce a kwashe aikin a filash. Ya nuna mini ramukan da ake cusa filash ɗin a jikinta, gari da raɓa sun daskare a ciki sun kashe su. Tawadar firintarmu kuwa ta ƙare tun a gonakin kudu, irinta ta yi wuya, ya ce sai bayan sati uku. Na ba shi labarin injin Sale da wilinsa.

"Daga buga wilin zuwa ɗauke wuta, minti nawa ne?" ya tambaye ni.

"Niƙan kwano ɗaya. Kamar minti biyu."

"Kashewar fa?"

Na fara lissafa masa matakan. Ina kai wa na tara ya ce in dakata, ya kira maƙwabcinsa, ya ce in faro daga farko. Da suka gama share hawaye, sai ya ɗora wata 'yar jar alama a fuskar sikirin. Ya ce a danna ta sau biyu, kwamfutar za ta kashe kanta lafiya lau, ba tambaya. Ita ce wannan da kuke dannawa kuna hira, ba ku ko kallonta.

Da na dawo muka yi zama a zaure, Malam a kujerarsa, Hajiya a bayan labule, Sale ya zuro kai ta taga. Na ce, da ladabi, ƙusa da gwangwanaye da kakkaɓe kibod ba sa bukatar wuta, ana iya yinsu bayan inji ya mutu. Malam ya dubi kwalin. Shekara da shekaru abin bai taɓa zo masa ba.

"Ba soke su aka yi ba," ya ce a ƙarshe. "Ƙaura suka yi."

"Mayafina dai ba inda za shi," in ji Hajiya.

"Yana nan, Hajiya. Shi ma bayan wuta."

"Sifikar fa?" in ji Sale. "Kada a bar marainiya."

Ita ma ta yi ƙaura. Rakiya ta faɗi da kanta, tunda Baba Ilu ba ya tashi sai an ɗaga shi. Adanawa sau uku muka yi ta ja har ta koma biyu. Sai na nuna masa jar alamar.

"Ba ta tambaya?"

"Ba ta tambaya, Malam."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Wannan ba sallama ba ce, kora ce. Ba a zaurena ba."

Abin da ya rage na cin niƙan kwano uku. Aka shirya Sale zai riƙa buga wili da zarar ya ga saura mata uku a layi. Haka muka yi ta lallaɓawa. Baba Ilu ya sake taka gonakin yamma, ya shiga arewa. Kullum muryarsa na raguwa, har sai da na sauko da kibod kan tabarma ina kara kunne kusa da bakinsa.

Ranar ƙarshe saura gonakin gabas, kuma ta ƙarshe a cikinsu ta Malam ce. Baba Ilu ya ƙi karin kumallo, masu amalanke suka ce da ƙyar ya yarda aka ɗauko shi. Muryarsa ta koma kamar iska a cikin gamba. Mun kai bakin gonar Malam ke nan wili ya yi ƙara, ba ƙwal uku ba, bugun mahaukaci. Sale ya zuro kai, fuskarsa ta yi fari fat da gari.

"Taifis, kwano ɗaya ne! Mata ukun da na ƙirga, biyu 'yan rakiya ne!"

Ya koma wurin injinsa. Malam ya miƙe ya ɗora hannu a kan maus. Baba Ilu bai ji komai ba, yana can yana tafiya.

"Ga aduwar Sale," ya ce. "Daga gindinta taku ashirin arewa. Layin lallen Isyaku ba a wurinsa yake ba. Ubansa ne ya matsar da shi, lokacin Sale na goye, ba wanda ya tanka. Kunyoyi uku na Sale ne."

Na buga. Aikina ke nan. Baƙaƙen suka jeru a sikirin daidai gaban idon Malam.

Sale bai ji ba, ƙarar inji ta rufe masa kunne. Mu huɗu ne muka ji, ɗaya kuma ba lallai ya kai gobe ba. Ba sai an faɗa ba, kowa a zauren ya san lissafin. In Malam ya bi kwalinsa kamar yadda ya saba, wuta za ta yanke a tsakiya, faifan ya mutu, iyakokin gari su tafi, kunyoyi ukun nan su bi su. Kuma ba wanda zai ga laifinsa, duk garin an san Malam Taifis ba ya korar baƙo.

Kukan injin ya fara sirancewa, alamar hatsi ya kusa ƙarewa a bakinsa.

"Malam," in ji Hajiya daga bayan labule. Har yau ban san ɓangaren da take ba.

Baba Ilu ya ja dogon numfashi. "Shi ke nan," ya ce. "Na dawo rijiya."

"Adana," in ji Malam.

Na adana sau ɗaya. Na kai yatsa zan sake, ya ce, "Bari." Ya ja maus, maus ya cije kamar yadda ya saba, ya ɗaga shi ya buga a tebur, ya kai kan jar alamar ya danna sau biyu. Ba akwati, ba tambaya. Sikirin ya dushe a hankali, fanka ta yi numfashi uku ta tsaya. Ban kai ga sauke hannuna daga kibod ba inji ya mutu, garin ya yi tsit har muna jin kukan kurciya a darbejiya.

Malam ya saki maus. "Ta tafi ko waiwaye babu," ya ce.

Sati biyu bayan haka tawada ta iso. Muka buga takardun, aka karanta su a ƙofar gidan Maigari bayan sallar Juma'a, daga rijiya har gonar ƙarshe. Baba Ilu na kwance a amalanke yana saurare, bai gyara ko taku ɗaya ba. Wasu sun ɓata rai, wasu sun sunkuyar da kai, amma ba wanda ya ɗaga sanda. Da aka zo layin ƙarshe Sale ya tuntsire da dariya, ya ɗauka tsokanar taubasai ce Malam ya sa aka buga.

Washegari da safe ina hanyar shago na hango Malam a gonarsa, ya naɗe ƙafar wando, ya kafa turke ya ɗaura igiya, yana saran gindin lalle da diga. Lallen nan ya girme ni, saiwarsa ta yi nisa. Sai ga Sale da gudu, ya baro mata a layi.

"Taifis, ka haukace? Bar shi! Kunyoyi uku me za su yi mini? Ubanka ya ci, kai ka ci, 'ya'yanka ma su ci."

"Matsa, kana taka mini igiya."

"Na ce na yafe. Ga Sa'a nan shaida."

Malam ya miƙe, ya share gumi da hannun riga, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka yafe wa wa? An riga an adana. Kama wancan bakin, jahili, ka ja ta miƙe."

Sale ya tsaya yana kallonsa, ya kalle ni, ya kalli aduwarsa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya fara ƙirga taku.